Amsoshin Tambayoyinku: Hidima Ta Yi Mini Yawa, Wacce Zan Ajiye?

Tambaya

Ni ma'aikacin gwamnati ne, shekaruna 43, ina da mata da 'ya'ya biyar. Tun da aka cire tallafin mai albashi ya daina kai mu ƙarshen wata, shi ya sa na buɗe shagon POS na sa yaro, na kuma karɓi aron gona a bayan gari. Ban da wannan, ni ne sakataren kwamitin masallacin unguwarmu, ni ne ma'ajin ƙungiyar tsofaffin ɗalibanmu, ina cikin kwamitin iyaye da malamai na makarantar yarana, kuma duk wani biki ko sulhu na dangi sai an neme ni. Asabar da Lahadi ba na zama, wani lokaci ɗaurin aure uku nake zuwa a rana ɗaya. Ina fita da sassafe, ba na dawowa sai yara sun yi barci. Mahaifiyata tana ƙauye, tafiyar awa ɗaya da rabi, amma rabona da ita wata uku ke nan. Kwanan baya aka auna ni a asibiti aka ce jinina ya hau. Wani abokina ya ce in rage hidima. To in na rage nema me za mu ci? In na rage zumunci me za a ce da ni? Kuma raina yana raya mini cewa rage aiki lalaci ne. Don Allah a ba ni shawara.

Daga wani mai karatu a Katsina

Amsa

Malam, Allah ya ba ka lafiya, ya ja kwanan mahaifiya.

Sau biyu na karanta wasiƙarka. A karo na biyu na ɗauki biro ina ƙirga kayan da ke kanka: ofis, shago, gona, kwamiti uku, sai hidimar dangi. Bakwai ke nan. Sai can ƙasa, bayan ka gama jero su, sannan yara da mahaifiya da lafiyarka suka shigo. Ban ga laifinka ba. Yadda suka zo a takarda haka suke zuwa a yininka, domin wanda ya fi ɗaga murya shi ake fara ji, su kuwa waɗannan ukun ba sa kiran waya su yi faɗa. Uwa za ta ce, "Ba komai, ai na san aiki ne ya riƙe ka." Yaro zai jira ya gaji ya yi barci. Jiki ma yakan yi shiru shekara da shekaru kafin ya yi magana, kuma ga shi naka ya yi.

Bari in fara da zancen lalaci, don in bai fita daga ranka ba, sauran maganar ba za ta samu wurin zama ba.

A unguwar da na taso akwai teloli biyu, shagunansu na kallon juna. In azumi ya kama, ɗayansu ba ya mayar da kowa. Wanda ya kawo shadda ranar 5 ga wata a karɓa, wanda ya kawo ranar 25 a karɓa, kowa a ce masa jibi in Allah ya yarda. Kafin a shiga goman ƙarshe yadudduka sun taru a kusurwa sun fi tsayin mutum, kowanne da 'yar takardar awo a maƙale. Ba ya barci. Janareta na ruri har sahur, idanunsa sun yi jajir, yaransa na gyangyaɗi a kan keke. Daren sallah kuwa ƙofar shagon ta koma wurin shari'a: wannan an yi masa riga babu wando, wancan an yi masa aikin wuya da zaren da bai zaɓa ba, wani nasa ko yankawa ba a yi ba. Ina yaro na taɓa tsayawa a wannan ƙofar har dare ya raba, na koma gida hannu rabbana, da tsohuwar riga na je idi. Har yau ina tuna fuskar telan. Ba mugu ba ne. Mutum ne mai kunya, wanda bakinsa ba ya iya furta a'a.

Ɗayan yana da wani ɗan littafi. Ya san kaya nawa shi da yaransa ke iya gamawa a rana, sai ya lissafa da kwanakin da suka rage, in ya cika ya rufe karɓa. Wanda ya zo bayan nan zai ce masa, "Alhaji, ka yi haƙuri, na cika. In za ka bari sai bayan sallah, to. In kuma ba ka iya jira, bari in nuna maka wanda zai yi maka." A lokacin mutane na jin haushi, har a ce yana da ɗagawa. Amma tun Sha'aban ake tururuwar kai masa ɗinki, kuma ranar jajibere kafin la'asar ya rufe shago ya tafi yi wa 'ya'yansa cefane.

Ka duba, a cikin su biyun babu malalaci. Na farkon ma ya fi zubar da gumi. Malalaci shi ne wanda aiki ke gabansa, yana da ƙarfi da lokaci, ya ƙi taɓawa. Wanda ya auna ƙarfinsa ya ɗauki abin da zai iya kaiwa gida, wannan mai cika alƙawari ne. Kai yanzu a shagon telan farko kake, kuma kayan da ke can ƙasan tulin, waɗanda ko yankawa ba a yi ba, na mutanen da suka fi kowa haƙƙi a kanka ne.

Mu yi lissafin ɗan littafin nan tare. Mako guda awa 168 ne, ba a ƙara wa kowa ko minti ɗaya. Mu ƙaddara kana barcin awa 7, a mako 49 ke nan. Ofis 40, zuwa da dawowa 5. Salla da cin abinci da wanka, ka sa awa 3 a rana, 21. An ci 115, saura 53. Leƙa shago kullum da yamma da haɗa lissafi zai ci 14. Gona da damina ta ci 10. Zaman kwamiti uku da kiraye-kirayen da ke biyo baya, 9. Ɗaurin aure da gaisuwa da sulhu, 12. Abin da ya rage awa 8 ne, kuma a warwatse suke, minti ashirin nan, rabin awa can, yawancinsu waya ce ke lashe su. Ƙiyasi na yi, kai za ka gyara da alƙalumanka na gaskiya, kuma ina roƙonka ka zauna ka rubuta. Zuwa wurin mahaifiya da dawowa da zama mai ɗan tsawo yana son awa shida a haɗe. Ba ka da awa shida a haɗe. Shi ya sa wata uku suka wuce, alhali ba ka taɓa yanke shawarar ƙin zuwa ba. Wasu ne suka riga ta karɓar alƙawarinka.

To da wane mudu za a auna abin da za a ajiye? Ba sai mun je nesa ba, yana cikin karatun zaure. Duk wanda ya karanta Ahalari, ɗan ƙaramin littafin fiƙihun nan na Abdurrahman al-Akhdari, malamin Aljeriya na ƙarni na 16, ya ci karo da hukuncin wanda ake bin sa bashin sallolin farilla. Ba a bar shi ya shagala da nafila ba, ko walaha ko asham, sai 'yan kaɗan da aka keɓe irin su shafa'i da wutiri da raka'o'in alfijir da sallar idi. Ana so ya fara biyan bashi. Ka lura, walaha alheri ce, asham alheri ce, ba wanda ya ce zunubi ne. Amma alherin da ya tare hanyar wajibi sai ya dakata. Wannan shi ne abin da ke da wuya a irin halin da kake ciki. Da a ce caca ko yawon banza ke cinye maka lokaci, da shawara ta yi sauƙi. Duk abubuwa bakwai ɗin nan masu kyau ne, kowanne in ka kalle shi shi kaɗai za ka ga bai kamata a bari ba.

Akwai kuma rabe-raben da malamai suka yi tsakanin farillar aini da farillar kifaya. Ta farko tana kan kowane mutum shi da kansa, ba mai ɗauke masa. Ta biyu, kamar sallar gawa, in wasu suka tsaya suka yi, ta faɗi a kan sauran. Aron mudun nake yi, ba fatawa nake bayarwa ba. Ka ɗauki hidimominka ɗaya bayan ɗaya ka tambayi kanka: in ban je ba, wa zai tsaya a gurbina?

Sakataren masallaci? A sahun asuba kaɗai za a samu matasa uku da suka iya rubutu, wataƙila ma sun fi ka iya kwamfuta. Ma'ajin tsofaffin ɗalibai? Ajinku ba mutum ɗaya ba ne. Ɗaurin auren ɗan abokin aikin abokinka? Mutum ɗari biyu za su taru, a shafa fatiha, a watse, ango ba zai san wa ya zo wa bai zo ba. Yanzu ka juyo. Wa zai zauna gaban mahaifiyarka a matsayin ɗanta wane? Ko tana da wasu 'ya'yan, gurbinka daban ne, kuma kuɗin da kake turawa ta waya ba ya zama a tabarma ya ce, "Inna, ya ƙafar?" Wa zai zama uban yaran nan biyar? Wa zai sha maka maganin hawan jini, wa zai yi maka barci? Aikin ofis ma yana wannan sahun, tunda amana ce da ka karɓa ake biyanka a kanta. Waɗannan su ne bashin da ake bin ka. Sauran, duk da kyansu, suna da masu yi.

Ka san labarin Salmanul Farisi da Abud Darda'i, wanda Bukhari ya ruwaito. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakaninsu. Salmanu ya kai ziyara ya tarar da matar gidan ba ta cikin kwalliya, da ya tambaya ta nuna masa mijinta ya juya wa duniya baya. Aka kawo abinci, mai gida ya ce yana azumi, Salmanu ya ƙi ci sai da ya sa shi ya ci. Dare ya yi, Abud Darda'i ya tashi zai yi nafila, Salmanu ya mayar da shi barci, ya sake tashi ya sake mayar da shi, sai can ƙarshen dare suka tashi suka yi tare. Sannan ya tuna masa cewa ban da haƙƙin Ubangiji akwai na kansa da na iyalinsa, kuma kowanne sai an sauke shi. Da maganar ta je gaban Annabi, ya gaskata Salmanu. Abin da nake so ka riƙe a nan: abin da aka rage wa Abud Darda'i ibada ce. In har azumin nafila da tsayuwar dare za a rage saboda mata da jiki, ina ga zaman kwamiti?

Yanzu ga tambayar da ta fi nauyi, ta abin da za a ci. Ba zan raina ta ba. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafi, litar man da ake saye ƙasa da naira 200 ta doshi 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta wuce nan nesa, ta ja kuɗin mota da na abinci. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai rufe ramin ba. Mai 'ya'ya biyar da ya nemi hanya ta biyu daidai ya yi, kuma ba zan ce ka zauna da albashi kaɗai ba. Sai dai ka lura da abu ɗaya: cikin hidimominka bakwai, uku ne kawai ke da alaƙa da tukunya. Huɗun ba sa kawo ko sisi, ci ma suke yi, kuɗin mai da gudummawa da katin waya. Za ka iya sauke kusan rabin kayan ba tare da an rage ko mudu ɗaya a gidanka ba.

Su ma ukun a binciki biyu daga ciki. Hanyar nema da yawa takan ba mutum jin cewa yana samu, alhali motsi ne kawai. Ka ɗauki littafin shagon na wata uku, ka cire kuɗin yaro, da haya, da cajin da kamfani ke cira, da data, da man da kake ƙonawa wajen leƙawa, da kuɗin da suka maƙale ko suka salwanta. Abin da ya rage shi ne ribarka. Ka yi wa gonar haka: taki, iri, 'yan ƙwadago, mai, ka kwatanta da buhunan da suka shigo gida bara. Mai yiwuwa ka tarar ɗaya ce ke ciyar da ɗayar. Kai da ka san noma ka san gona ba ta jiran mai ita. In lokacin firi ya wuce ba a shiga ba, ciyawa ta riga ta sha takin da ka zuba, maimai ba zai dawo da abin da aka rasa ba. Ƙaramar gona da aka nome a kan kari ta fi babba da ake leƙawa ranar Lahadi kaɗai. In gonar ce mai rauni, ka rage ta zuwa rabi, ko ka ba wani amintacce ya noma ku raba amfani. In shagon ne, ko dai ka tsayar da lissafin mako-mako ka daina zuwa kullum, ko ka sayar da shi ka zuba kuɗin a wadda ke haihuwa. Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku.

Manyan kamfanoni ma sun bi ta nan. A 1997 kamfanin Apple ya yi asarar sama da dala biliyan ɗaya, yana ƙera kayayyaki iri-iri masu rikita mai saye. Da Steve Jobs ya dawo ya karɓi ragama, ya soke mafi yawansu ya tsayar da hankalin kamfanin kan kwamfuta iri huɗu. A shekarar da ta biyo baya suka ci ribar dala miliyan 309. Akwai wasu dalilan, amma yankan nan yana cikin manya.

Kada kuma ka ɗauka ƙarin awa kullum ƙarin samu ne. Wani masanin tattalin arziki a jami'ar Stanford ta Amurka, John Pencavel, ya fitar da nazari a 2014 kan bayanan ma'aikatan ƙera harsasai a Ingila lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, yawancinsu mata. Ya ga cewa har zuwa wajen awa 49 a mako, aiki na ƙaruwa daidai da ƙarin lokaci. Daga nan sai ƙarin ya fara raguwa, har ta kai abin da ake samarwa a awa 70 bai wani fi na awa 56 ba. Awa goma sha huɗu ke nan na gajiya kusan a banza. Wannan ɓangaren aljihu ne. Ɓangaren jiki ya fi tayar da hankali, kuma ya shafe ka kai tsaye. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da ƙiyasin cewa a 2016 mutum 745,000 suka mutu da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya masu nasaba da aikin awa 55 ko fiye a mako. Sun ce mai irin wannan aikin haɗarin shanyewar jiki a kansa ya fi na mai awa 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin ɗari. Ka haɗa ofis da shago da gona ka ga inda kake, kai da aka riga aka ce jininka ya hau. Ka koma wurin likita, ka sha magani yadda ya ce ko da ka ji garau, domin hawan jini yakan yi ɓarna ba tare da ciwo ba. In ka kwanta, Allah ya kiyaye, da shago da gona da albashi duk tare za su kwanta. Kada garin neman gira a rasa ido.

Wani abu kuma da ba a cika lura da shi ba. Kana ofis yaron shago ya kira, ka amsa, ka koma kan fayil, sai ga shugaban ƙungiya yana tambayar wa ya biya kuɗin wata. Kowane kira minti biyu ne, amma hankali ba ya dawowa cikin minti biyu. Wata mai bincike, Sophie Leroy, ta nuna a 2009 cewa in mutum ya bar aiki bai kammala ba ya koma wani, wani yanki na hankalinsa yakan maƙale a na farkon, sai na biyun ya samu ragowa. Shi ya sa kake yini kana motsi, dare ya yi ka rasa abin da za ka nuna. Kuma shi ya sa ko ka dawo gida da wuri, jikinka ne a ɗaki, kanka na can.

Saura zumunci, da abin da za a ce da kai. Za a yi magana, ba zan ɓoye maka ba. Wani zai ce ka canza, wani zai ce ka samu duniya. Mako biyu ko uku ne, sai a saba, a samu wani sakataren. Abin da na gani a rayuwa shi ne mun fi jin kunyar mutumin da ke tsaye gabanmu fiye da wanda ke jiranmu a gida. Sai mu ce "to" don kada fuska ta ɓaci, mu jingina da in Allah ya yarda alhali zuciya ta san ba za a iya ba. Wannan "to" ɗin ita ta cika shagon telan nan, kuma ɓacin ran daren sallah ya ninka wanda za a yi da ya ce a'a tun farko. Alƙawari kaya ne.

Hausa ba ta rasa lafazin ƙi mai mutunci ba. "Allah ya sanya alheri, ba zan samu zuwa ba, amma ga 'yar gudummawata." "Wallahi na so, sai dai ranar ta Inna ce." Ban taɓa ganin Bahaushen da aka ce masa za a je gaida uwa ya ce a fasa ba. In kuma an tare ka ba shiri, kada ka amsa nan take. Ka ce, "Bari in duba, zan kira ka gobe." Daren nan ɗaya ya isa kunya ta sauka hankali ya hau. Kuma ka kira ɗin, ka faɗi gaskiya.

Game da bukukuwa, a bambance. Malaman fiƙihu da suka yi maganar wajabcin amsa gayyatar walimar aure sun ɗora shi kan wanda aka ayyana aka kira, kuma sun ambaci uzurori. Katin da aka watsa a zauren WhatsApp mai mutum ɗari uku ba kai aka nufa ba. Na jini, da maƙwabci, da aminin da zai waiga ya neme ka, waɗannan ka je, ka kuma zauna sosai. Sauran addu'a da kiran waya sun wadatar. Ta'aziyya da dubiya kuwa ka fifita su a kan biki, don mai farin ciki yana da jama'a, mai baƙin ciki shi ke ƙirga waɗanda suka zo. An ce zumunci a ƙafa yake, gaskiya ne, amma ƙafar nan biyu ce tak, kuma babu zumuncin da ya kai na wadda ta haife ka. Sulhun dangi ma ka daina zuwa kai kaɗai. Ka riƙa jan ƙane ko ɗan'uwa, ya ga yadda ake yi, gobe a kira shi.

Da ni ne kai, ma'aji zan fara ajiyewa, domin riƙon kuɗin jama'a shi ya fi jawo kira da zargi da rashin barci. Kada ka ajiye cikin fushi ko ta saƙon waya. Ka ba da sanarwar wata guda, ka haɗa lissafi tsaf, ka miƙa littafi da kuɗi a gaban shaidu, ka yi godiya. A kwamitin makaranta ka koma uba kamar kowa, mai zuwa babban taro. Na masallaci, tunda a ƙofar gidanka yake, ka nemi a ba ka mataimaki matashi, ka sakar masa rubutu da kiran taro, bayan 'yan watanni ka ga ko ya isa ya riƙe. Sau da yawa mu da muke cewa babu mai yi sai mu, mu ne muka tare wa na baya hanya ba mu sani ba.

Kafin duk wannan, ka zauna da maiɗakinka. Ba ka ambace ta ba sai a ƙirga, alhali duk awar da ka bayar a waje ita ke biyan ta a ciki: ita ce uwa, ita ce uba, ita ce mai duba aikin makaranta. Ka nuna mata lissafin, ka tambaye ta wanne ya fi ci mata rai. Za ka iya jin amsar da ba ka zata ba, kuma ka saurara har ta gama.

Hattara ɗaya. Lokacin da ka ƙwato ba zai zauna fanko ba, kamar fili ne a tsakiyar kasuwa, in ba ka kafa rumfa ba wani zai kafa. Ka ba shi suna tun kafin ya samu. Tsakanin magariba da isha'i, ko bayan isha'i zuwa barcin yara, a ce na gida ne, waya na ɗaki a kife, yaron shago ya san sai da safe. Asabar ɗaya cikin biyu a ce ta ƙauye ce, a sanar da kowa, har masu kawo kati su san da ita.

Kada ka jira sai ka gama sauke muƙaman nan kafin ka je. Asabar mai zuwa, duk katin da ke aljihunka ka kira masu shi ka ba da haƙuri. Ka ɗauki manyan yaran biyu, awa ɗaya da rabi a hanya ta ishe ka jin wane darasi ke ba su wuya da su wane ne abokansu. Ka riƙa mata goro ko abin da ka san tana so. In kun isa, ka kashe wayar, ka zauna a tabarmarta har ta gama ba ka labarin wanda ya haihu da wanda ya rasu a wata ukun nan, ka ci tuwonta, sai bayan la'asar ku kamo hanya.